Kamun ɗan wasa kan tuƙi cikin maye: a sa a tarihinsa na Wikipedia ko a bari?

Nafisa (Ali Ɗan Sofo): Assalamu alaikum jama'ar zaure. Akwai jimla ɗaya da ta tsayar da aiki a daftarin muƙalar ɗan ƙwallo Yaya Touré da ake juyawa zuwa Hausa. An rubuta: "A 2016 an kama shi da laifin shan giya." Wasu sun ce a goge ta, kundin ilimi ba wurin tonon silili ba ne. Wasu sun ce tunda abin ya faru, a bar ta. Ina roƙon manya su sa baki, domin gobe tarihin ƴan kokowarmu da ƴan ƙwallon Mena za a rubuta, wannan tambayar kuma za ta dawo.

Mushe Lawali: Wa alaikumus salam Nafisa. Kafin a zo ga gogewa ko bari, jimlar kanta ba daidai take ba. Shan giya ba laifi ba ne a dokar Ingila, tuƙi bayan an wuce ma'auni shi ne laifi. Abin da ya faru: ƴan sanda sun tsayar da shi a gabashin Landan a ƙarshen Nuwamba 2016, aka auna numfashinsa aka samu sinadarin giya maikirogiram 75 a cikin mililita 100, doka kuwa 35 ta yarda da shi. A Disamba ya amsa laifi gaban kotu, aka ci shi tarar fam 54,000, aka hana shi tuƙi wata 18. Ya kuma fito ya bayyana cewa shi Musulmi ne ba ya shan giya, bai sha da gangan ba, ya kuma ce alƙali ya karɓi wannan bayanin. Wanda ya rubuta "laifin shan giya" ya ɗora masa ainihin abin da ya musanta, ya bar wanda ya amsa.

Nafisa (Ali Ɗan Sofo): To Mushe, ke nan ka ce a sa?

Mushe Lawali: A sa, amma da kalmomin da suka dace. Ƙa'idar Wikipedia ta rubuta tarihin masu rai ta raba mutane biyu. Na farko wanda duniya ta sani, kafofin labarai masu inganci sun yi ta rubutu a kansa. Shi in abu ya same shi, abin yana da muhimmanci, kuma kafofi da yawa masu zaman kansu sun kawo shi, to yana shiga ko da bai yi masa daɗi ba. Na biyu wanda sunansa bai wuce ɗan da'irarsa ba. Shi ana so mai rubutu ya yi tunani sosai ya bar zancen zargi muddin kotu ba ta same shi da laifi ba. Yaya ya ci kyautar gwarzon Afirka sau 4 a jere daga 2011 zuwa 2014, ya ɗaga kofin Afirka a 2015 yana kyaftin. Ba shakka yana rukunin farko, ga kuma hukuncin kotu. Hukumar gidauniyar Wikimedia, mai tafiyar da Wikipedia, ta fitar da ƙuduri tun 2009 tana kiran kowane harshe ya kula da tarihin masu rai, don haka wannan ba ta Turanci kaɗai ba ce, ta shafi Hausa.

Malam Ilya Bagalam: Mushe, ban gamsu ba. Mutum ya yi shekara kusan 20 yana wasa, dare ɗaya ya zame, kotu ta hukunta shi, ya biya. Me ya rage kuma? Addini ya hore mu da rufin asirin Musulmi, kuma kun san yadda kalmar "mashayi" take a garin nan: in ta manne wa mutum, har neman auren ƴaƴansa sai ta shafa. Jarida tana kwana ɗaya a naɗe tsire da ita. Kundin nan kuwa yaro ɗan lakwal zai buɗe shi bayan shekara 30 ya tarar da abin yana nan.

Metir Habsu: Malam, damuwarka tana kan hanya, ita ce ma ta sa dole a bambanta matakan shari'a. Yawancin ɓarnar daga fassara take fitowa, saboda a Hausa "an kama shi da laifi" tana ɗaukar ma'ana biyu: kamun ɗan sanda, da hukuncin alƙali. Ga yadda abin yake tafiya a tsarin da muke bi. Ɗan sanda ko jandarma ya tsayar da mutum ya tafi da shi, Faransanci ya ce interpellé, mu ce "an kama shi bisa zargin kaza". Sai tsarewa a komisariya ko birgad, a dokarmu awa 48 ce, ana iya ƙara wasu 48 da izinin mai shigar da ƙara na gwamnati. Har nan babu tuhuma, kuma mutane da yawa a nan zancensu yake ƙarewa, a sake su su tafi gida. Sai a miƙa shi gaban mai shigar da ƙara, shi ne zai ajiye fayil ɗin ko ya tuhume shi. Nan ne za a ce "an tuhume shi", "an gurfanar da shi". Daga ƙarshe alƙali: ko "kotu ta same shi da laifi", ko "kotu ta wanke shi". In hukuncin avec sursis ne, wannan ɗaurin je-ka-gyara-halinka ne, mutum bai kwana gidan kaso ba. In mai fassara ya rubuta "an ɗaure shi shekara 1" kawai, ya tura mutum kurkukun da bai taɓa shiga ba. Bayan nan ma akwai ɗaukaka ƙara, wadda take iya rushe komai.

Sanusi Tibiri: Metir, abin da kika faɗa na je-ka-gyara-halinka shi ne daidai abin da ya samu Michael Phelps, ɗan ninƙayan Amurka. A ƙarshen Satumba 2014 aka kama shi a Baltimo yana gudun kilomita 135 a awa inda aka ƙayyade 72, ma'aunin giyarsa 0.14, iyakar dokar jihar 0.08. Kotu ta ba shi shekara 1 ta je-ka-gyara-halinka da wata 18 ƙarƙashin sa ido. Amma Malam Ilya, dubi abin da ya biyo baya. Hukumar ninƙaya ta Amurka ta dakatar da shi wata 6, aka cire shi daga tawagar gasar duniya ta 2015 a Kazan. In ka goge kamun, mai karatu zai ga mutumin da ya fi kowa zinare a tarihin Olamfik ya ɓace daga gasar duniya ba dalili, sai kuma ga shi a Riyo 2016 da zinare 5. Tarihin ya tsinke a tsakiya. Kuma wannan karo na biyu ne, na farko a 2004 yana ɗan shekara 19.

Malam Ilya Bagalam: Wannan na yarda, tunda ya taɓa wasansa kai tsaye. Amma na Yaya wace gasa ya hana shi?

Sanusi Tibiri: Shi ya sa nasa ba zai kai tsawon na Phelps ba. Ni ma'aunina shi ne tambayoyi uku a kan kowane kamu: kotu ta yi hukunci? Ƙungiya ko hukumar wasa ta ɗauki mataki? An ji wa wani rauni ko an rasa rai? Gwargwadon "e" ɗin da aka samu, gwargwadon filin da za a ba shi. Henry Ruggs na ƙwallon Amurka duka ukun "e" ne: a Nuwamba 2021 a Las Begas ya yi gudun kusan kilomita 250 a awa cikin maye, ya afka wa wata mota, wata matashiya ta rasu, ƙungiyarsa ta sallame shi a ranar, a 2023 aka yanke masa ɗaurin shekara 3 zuwa 10. Wannan har a sakin layin farko na muƙala dole ya fito, domin shi ya rufe sana'arsa. Tony Adams na Arsenal an yanke masa ɗaurin wata 4 a Disamba 1990 kan tuƙi cikin maye, daga baya shi da bakinsa ya bayyana fama da giya, a 2000 ya kafa cibiyar taimaka wa ƴan wasa masu irin matsalar. Wanda ya cire ɗaurin ya cire tushen alherin da mutumin ya shuka daga baya. Na Yaya kuwa "e" ɗaya ce, hukuncin kotu. Jimla biyu ko uku a sashen rayuwarsa ta wajen fili, ba a gabatarwa ba, ba kuma da kanun sashe na musamman ba.

Dakta Mamman: Bari in tsaya kan lambobin, domin nan ma ana tafka kuskure. Ma'auni iri biyu ne, na jini da na numfashi, kuma ba a musanya su. A Ingila iyakar jini miligiram 80 ce a mililita 100, ta numfashi maikirogiram 35 a mililita 100 na iska. Wannan 80 ɗin ita ce Amurkawa suke rubutawa 0.08, ita ce kuma Faransanci zai rubuta giram 0,8 a lita. Faransa tata iyakar 0,5 ce a jini, wato miligiram 0,25 a litar numfashi. Sikotlan ta sauke tata zuwa 50 a ƙarshen 2014, ke nan ko a cikin Birtaniya ba ɗaya ba ce.

Ga inda matsalar take. In mai fassara ya ga 75 na Yaya ya rubuta "75 a jininsa", mai karatun da ya san iyakar jini 80 ce zai ɗauka an zalunce shi, bai ma kai ma'auni ba. Alhali 75 na numfashi ya ninka 35 fiye da sau 2. Wayne Rooney a Satumba 2017 an samu 104, kusan ninki 3, aka hana shi tuƙi shekara 2 da aikin al'umma na awa 100 ba biya. Hugo Lloris a Agusta 2018, makonni kaɗan bayan ɗaga kofin duniya, an samu 80 a numfashi. Wannan 80 ɗin ta fi kowace rikita mutane saboda ta yi kama da iyakar jini, sai a zaci a kan iyaka yake daidai. Ko dai a rubuta lambar tare da abin da aka auna da iyakar ƙasar, ko a bar lamba a ce "ya ninka ma'aunin doka fiye da sau 2".

Nafisa (Ali Ɗan Sofo): Dakta, kalmar "maye" fa? Wasu na cewa daidai take da "giya".

Dakta Mamman: Ba ɗaya ba ne, ƙanwata, kuma ɗan wasan golf Tiger Woods ne hujja. An kama shi a Fulorida a ƙarshen Mayu 2017 yana barci a kan sitiyari. Na'urar numfashi ta nuna sifili, ba giya ko kaɗan. Gwajin da aka yi daga baya ya nuna magungunan kashe zafi, da na barci, da na kwantar da hankali, da sinadarin wiwi. A Oktoba ya amsa laifin tuƙin ganganci, ba na tuƙi cikin maye ba, aka ci shi tarar dala 250 da aikin al'umma na awa 50 da shekara 1 ta sa ido. Wanda ya rubuta a Hausa cewa "an kama shi ya sha giya" ya yi ƙarya sau biyu: ba giya ba ce, kuma laifin da aka tabbatar ba shi ne na ranar kamu ba. A nan ma abin da ya fi yawa a kan titi ba kwalba ba ce, ƙwaya ce irin su tiramol. Don haka in majiya ba ta ambaci abin da aka sha ba, kai ma kada ka ambata.

Metir Habsu: Wannan misalin ya nuna wani aikin da ake mantawa. Ranar kamu kowace kafa tana ɗauka, ranar hukunci kaɗan ne suke komawa. Mai rubutu ya sa labarin kamu ya tafi, shekaru su wuce muƙala tana nan da zargin farko. Duk wanda ya sa kamu ya ɗauki bashin nemo ƙarshen shari'ar. In ya nema bai samu ba, kuma an yi shekara da shekaru babu wata kafa da ta sake tayar da zancen, wannan kansa alama ce cewa abin bai kai nauyin shiga kundi ba, a cire.

Malam Ilya Bagalam: To ku dawo da mu gida. Ɗan kokowar da ya yi suna a kokowar Takobi, ko ɗan ƙwallon rukuni na biyu, an ce jandarmomi sun tare shi a hanyar Ɗan Isa da dare. Babu jarida, sai saƙon murya a WhatsApp da hoton mota a Facebook. Me za ku yi da shi?

Mushe Lawali: Ba ya shiga, Malam, ko da rabin gari sun rantse sun gani. Facebook da WhatsApp da TikTok ba majiya ba ne a kan mutum mai rai, domin babu edita, babu mai gyara in an yi kuskure, babu wanda za a kama da alhaki. Ko shafin labarai na intanet sai a duba: yana da sunan edita da adireshi? Yana buga gyara in ya yi kuskure? Kuma shafuka 10 da suka kwafi rubutu ɗaya har da kuskuren harafinsa majiya ɗaya ce, ba 10 ba. Abin da ake nema aƙalla kafofi biyu da kowace ta yi nata binciken, irin su Le Sahel, kamfanin dillancin labarai na ANP, Studio Kalangou, RFI Hausa, BBC Hausa, DW. Duk wanda ya ga irin wannan zargi a muƙala ba majiya, ya cire nan take, ba sai ya jira muhawara ba, kuma dokar hana mayar da gyara fiye da sau 3 a yini ba ta kama mai cire irin wannan. In abin ya kai ƙazafi, a sanar da admin, wato mai kula da kundin, ya ɓoye shi daga tarihin gyare-gyaren shafin, domin gogewa kawai tana barin tsohon rubutun ga duk wanda ya danna "tarihi".

Hajiya Rabi Sabon Gari: Mushe, a nan ina da ja. Labarin Maradi a rediyo yake, ba a takarda ba. In kun ce sai rubutacciyar kafa, ɗan wasan Turai za a rubuta laifinsa dalla-dalla, namu kuwa ko ya take ɗan kabu-kabu ya karya shi, tarihinsa zai fito fes saboda ba a buga ba. Wannan ma rashin adalci ne, ga wanda aka take. Ku masu maganar rufin asiri kuna kallon mai sitiyari, ni ina kallon wanda yake kwance a likita.

Mushe Lawali: Hajiya, rediyo majiya ce in ana iya komawa a saurara. A rubuta sunan tasha, sunan shiri, ranar da aka watsa, da mintin da aka faɗi maganar, a haɗa da mahaɗin da tashar ta ajiye shirin. Sannan a adana shafin a archive.org, saboda shafukanmu suna yawan mutuwa bayan shekara ɗaya ko biyu. Abin da ba ya karɓuwa shi ne "na ji a rediyo". Kuma shirin da masu sauraro suke bugo waya ba labaran tasha ba ne, ra'ayin mai kira ne.

Hajiya Rabi Sabon Gari: In tashar ba ta ajiye ba fa? Yawancinsu ba sa ajiyewa.

Mushe Lawali: To ba zai shiga ba. Na san akwai ciwo a wannan amsar.

Hajiya Rabi Sabon Gari: Metir, takardar hukuncin kotu fa? In dangin wanda aka take sun karɓo kwafi daga magatakardan kotu, ai babu hujjar da ta fi ta.

Metir Habsu: A gaban alƙali haka ne, Hajiya, amma ƙa'idar kundin ta hana dogaro da takardun kotu kai tsaye a kan mai rai, kuma akwai dalili. Suna yana kama da suna: Musa Abdu nawa ne a jihar Maradi? Takardar tana ɗauke da ranar haihuwa da unguwa da sunayen iyaye, abubuwan da bai kamata su bazu ba. Kuma ba za ta gaya miki ko an ɗaukaka ƙara an rushe hukuncin ba. In kafar labarai ta kawo hukuncin, sai a dogara da kafar. Hanyar da ta rage wa dangi ita ce su kai takardar ga ɗan jarida ya bincika ya buga. Ina kuma tunatar da masu rubutu cewa dokar laifukan intanet ta 2019 ta tanadi hukunci kan ɓata suna ta kafar sadarwa, kuma a 2024 an maido da ɗauri a cikinta. Wanda ya danna "wallafa" shi ne zai amsa kira, ba Wikipedia ba.

Hajiya Rabi Sabon Gari: Na ji, amma ban sauka daga ra'ayina ba. Inda aka rasa rai ko aka naƙasa mutum, kafa ɗaya mai inganci da ta kawo hukuncin kotu ta isa. Kada a ce sai biyu.

Sanusi Tibiri: In hukunci ne ba zargi ba, kuma kafar tsayayya ce, ina bayan Hajiya. Sharaɗin kafofi da yawa an fi tsananta shi ne a kan zargi. Sai dai sunan wanda aka take kada ya fito, shi ba ɗan wasa ba ne, bai nemi suna ba.

Malam Ilya Bagalam: Malamai sun ware wuraren da ambaton aibin mutum ba ya zama giba, ciki har da neman hakkin wanda aka zalunta da gargaɗin jama'a daga cuta. Inda aka cutar da wani, ba ni da ta cewa. Inda kuma ba a cutar da kowa ba, mutum ya biya tara ya wuce, har yanzu zuciyata ta fi karkata ga a bari. Amma in za ku sa na Yaya, sharaɗina ɗaya: bayaninsa ya zo a jere da hukuncin, kada a raba su. Kuma kada a sa hoton da ƴan sanda suke ɗauka ranar kamu a muƙalar kowa, irin wanda aka yi ta yaɗawa na Tiger Woods.

Mushe Lawali: Dukansu biyu ƙa'ida tana tare da kai, Malam. Musun mutum ko bayaninsa ana kawo shi tare da abin da aka ce ya yi, kuma an hana amfani da hoton da zai wulaƙanta mutum a yanayin da bai shirya a ɗauke shi ba. A ƙara da rukunonin da ake liƙawa a ƙasan shafi: kada a jefa shi cikin wani rukunin "masu laifi" saboda tarar hanya.

Nafisa (Ali Ɗan Sofo): Na gode. Ga sabon daftari, ku duba: "A Disamba 2016 Touré ya amsa laifin tuƙi bayan shan giya a wata kotun Landan. An ci shi tarar fam 54,000, an kuma hana shi tuƙi wata 18. Ya ce shi Musulmi ne ba ya shan giya, bai sha da gangan ba, kuma alƙali ya yarda da haka."

Metir Habsu: Saura gyara biyu, Nafisa. "Bayan shan giya" ta sake maido da abin da aka cire. Ki ce "tuƙi alhali sinadarin giya a numfashinsa ya wuce ma'aunin doka", shi ne abin da ya amsa. Na biyu, "alƙali ya yarda da haka" a bakin wa take? In daga sanarwar Yaya aka ɗauko ta, ki jingina masa: "ya ce alƙali ya yarda". In kin samu rahoton ɗan jaridar da ya zauna a kotun yana faɗin haka, sai ki bar ta a tsaye. Kowace jimla cikin ukun da tata majiyar a ƙarshenta, kada ki tara su duka a ƙarshen sakin layi.

Nafisa (Ali Ɗan Sofo): To Metir. Zan jingina masa tukuna, in rahoton kotun ya samu sai a sauya. Malam Ilya, a ƙarƙashin "Rayuwarsa" zan sa, bayan zancen ƴan'uwansa Kolo da marigayi Ibrahim.